Masu Karanta wa Shekari

Shekara ashirin da biyu Shekari ya yi yana aiki da injin buga takardu a maɗaba'ar Nwankwo da ke Sabon Gari, shida daga ciki kuwa ba ya ganin ƙananan rubutu. Yanar ido ce, in ji likita a asibitin Shika, sai an yi aiki. Shi kuwa gogan naka, wanda ba ya shakkar sa hannu kusa da inji yana gudu, da jin za a taɓa masa ido sai ya ninke takardar asibitin ya tura ƙasan akwati. Ko matarsa bai gaya wa ba. Tsoronsa ɗaya ne, ranar da aka gane a wurin aiki, ranar za a sallame shi.

Tsarin wurin ne ya rufa masa asiri. Ɗaki guda ne babba, da dogon tebur a tsakiya, kowa na ganin kowa. Masu kwamfuta a wannan gefe, masu ɗinkin littafi a wancan, inji a ƙarshen teburin. Hayaniya kam sai ka ce tashar mota. Ga kuma dokar Oga Nwankwo: ba a ɗora aiki a kan inji sai wani ya ɗaga takardar aikin ya karanta da ƙarfi, na wane ne, kwafi nawa, wane farantin bugu ne na gaban takarda, wane ne na baya. Galibi Keziya ce ke karantawa, babbar mai ɗinkin littafi, wadda muryarta ke kaiwa har bakin titi. Shekari sai ya kasa kunne, ya gyaɗa kai kamar mai tabbatar da abin da ya riga ya gani.

Da tsufa ya zaunar da Oga a gida, 'yarsa Chisom ta karɓi ragama. Ta mayar da maɗaba'ar zuwa Samaru, kusa da ɗaliban jami'a. Sabon wurin tsaf yake, ba laifi. An yanka shi ɗaki-ɗaki da katako da gilashi, masu kwamfuta sun sami sanyi da shiru, masu ɗinki sun huta da warin tawada. Shekari ya sami ɗakinsa shi kaɗai, har da sunansa a jikin ƙofa, wanda sai da aka faɗa masa ya sani. Dogon teburin ya ƙi shiga ko'ina, aka jingine shi a bayan gini. Yanzu ta wata ƙaramar taga ake miƙo masa faranti da takardar aiki, sannan a rufe tagar.

Mako biyu ya yi yana lallaɓawa. Yakan kai takardar bakin hasken rana, ya matse ido, ya cika sauran da sanin aiki. Kullum ya koma gida da ciwon kai. Ran wata Laraba aka miƙo ayyuka biyu tare, takardar tsarin bikin aure da ta tsarin jana'iza, duka daga coci ɗaya, duka girmansu ɗaya. Ya buga su tas, launi ya fito yadda ake so.

Bai fi rabin awa ba sai ga Keziya ta turo ƙofa ta rufe a bayanta.

"Baba Shekari, ango da amarya ne a gaba, a baya kuma waƙoƙin rakiya zuwa kabari."

Ya karɓi takardar da ke hannunta ya riƙe, bai ma yi kamar yana dubawa ba. Kunya ta kama shi. Keziya ta ce a sake bugawa shiru, ba wanda zai sani. Ya ce a'a, ya gaji. Ya goge hannunsa da tsumma ya nufi ofishin Chisom, Keziya na biye da shi.

A kafaɗarsa Chisom ta girma, amma yau ya tsaya gabanta hannu a baya.

"'Yata, na ɓata aiki, kuma ba kuskuren yau ba ne. Shekara shida ke nan ba na ganin rubutu. Na ɓoye wa mahaifinki, na ɓoye wa kowa. In tafiya ce, ki bar ni in tafi da kaina."

Chisom ta ajiye biro. Kafin ta yi magana Keziya ta riga ta.

"Wa ka ɓoye wa, Baba? Kai a tunaninka daɗin muryata nake ji nake ta ihu a kan tebur? Ranar da Oga ya ga ka riƙe takarda a kife, washegari ya kafa dokar karatu. Ya tara mu ba ka nan, ya ce wanda ya nuna maka ya sani, shi zai bar aiki."

"Duka kun sani?"

"Har mai kawo mana takarda daga Kano."

Shekari ya laluba kujera ya zauna ba tare da an ce ya zauna ba. Ya rasa ko haushi zai ji ko godiya.

Chisom ta daɗe tana kallon katangar gilashin da ta sa aka yi. Ta ce ita ba ta sani ba, ta ɗauka karatun nan hayaniya ce kawai irin ta tsofaffin wurare. Ta ce gobe kafinta zai cire katangar da ke tsakanin inji da masu ɗinki, Litinin kuma da motarta za su je Shika a yi masa aikin idon, kuma ba shawara take nema ba.

"Idan aikin bai yi ba fa?" in ji Shekari, muryarsa ƙasa-ƙasa.

Chisom ta ɗauki takardar aikin da ke gabanta ta miƙe, ta ɗaga ta kamar yadda Keziya ke yi.

"Sai mu ci gaba da karanta maka. Tashi, Baba, bikin mutane jibi ne. Faranti na ɗaya, gaba."