Mai Shayin Makka

Wani mai sayar da taki a Bakura ya dawo daga Umara, ya ce ya ga Labaran na Damaga a Makka, da ransa, yana sayar da shayi.

Kafin maganar ta iso Damaga ta yi ƙiba. Aka ce Labaran bai shiga jirgin nan da ya faɗi da alhazai a Jidda ba, sama da shekara talatin da suka wuce. Aka ce ya maƙale a can, ya yi aure, har da 'ya'ya.

Gidaɗo ya ji ta a bakin masallaci. Shi ne ya auri Taibatu, matar Labaran, bayan ta fita takaba. Sun haifa, sun aurar, sun ga jikoki. Gawar Labaran kuwa babu wanda ya gani, don ba a kawo ta gida ba. Liman ya ce aurensu yana nan daram, amma bakin mata bai bi na liman ba. Taibatu ta daina zuwa suna, ta daina zuwa biki. Tuwo ma sai ta taɓa ta ture.

Da safe Gidaɗo ya hau mashin ɗan haya zuwa Talata Mafara. Akwai wani Yakubu, ma'aikacin rediyo, da ke tattara tarihin mutanen yankin da suka rasu a jirgin. An ce zai sa labarin Labaran a shirinsa.

Ya same shi, suka gaisa, aka tambayi gida, aka tambayi damina da dabbobi. Sannan Gidaɗo ya ce, "Kai ne za ka gaya wa duniya mijin matata na da rai?"

"Baba, ban faɗa ba tukuna. Ni ma ji na yi."

"A bakin wa?"

"Wani direba. Shi kuma ya ji a wurin aski. Shi ya sa na riƙe maganar. Sai na zauna da wanda ya gani da idonsa."

Gidaɗo ya dube shi sama da ƙasa. Ya zo da faɗa cike da baki, ya rasa inda zai sauke shi.

"To tashi. Bakura ba Makka ba ce."

Suka shiga motar Bakura, aka cusa su a baya tare da buhunan albasa. Har suka sauka Gidaɗo yana ta tunanin abin da zai yi idan gaskiya ce. Labaran abokinsa ne, tare suka yi kiwo suna yara. Ya kamata ya yi murna. Ya nemi murnar a ransa bai same ta ba, sai kunya ta kama shi.

Suka tarar da mai takin, Alhaji Abdulmumini, a ƙofar shagonsa, dattijo mai yawan magana. A da yakan sayi shanu a hannun Labaran.

"Wallahi shi ne," in ji shi. "Ni zan manta Labaran? Na kira sunansa, cunkoso ya raba mu. Amma jikana ya koya mini ɗaukar hoto. Ga shi."

Ya miƙa waya. Gidaɗo ya karɓa.

Labaran ne. Dogon hancin nan, siririn wuya, baƙin gemu ɗan kaɗan a haɓa, har yadda yake karkatar da kai in zai zuba abu. Gidaɗo ya zube a kan buhun taki.

Yakubu ya karɓi wayar, ya buɗa hoton da yatsu biyu, ya daɗe yana kallo.

"Baba, da ya tafi aikin hajji, kamar shekararsa nawa?"

"Ban ƙirga ba. Ya dai girme ni. Yana kora garke ina bin bayansa."

"Ya girme ka?"

Yakubu ya dubi farin gemun Gidaɗo, ya dubi baƙin gemun da ke cikin waya. Gidaɗo ya shafa haɓarsa. Abdulmumini ya leƙo, ya duba, shi ma ya shafa tasa.

Sai mai takin ya tafa hannu.

"Innalillahi! Wannan ai sa'an ɗana ne! Ni fa a raina Labaran na nan yadda muka rabu a kasuwar shanu. Na manta da yana raye shi ma da ya tsufa."

"Kai dai ka tsufa, hankalinka ya riga ka," in ji Gidaɗo.

"Kai da ka zube kan takina fa? Tashi kar ka fasa mini buhu!"

Gidaɗo ya yi dariya, irin wadda ya kwana biyu bai yi ba, har da hawaye. Ya goge da hannun riga. Ya yi wa Labaran addu'a, suka shafa tare. Abdulmumini ya aika aka kawo fura, ya rantse gobe zai je Damaga da ƙafarsa ya warware maganar a bakin masallaci.

Yakubu ya ce a shirin zai ambaci Labaran cikin waɗanda suka rasu, ya kuma faɗi yadda aka yi kuskuren, da yardar Alhaji.

"Faɗi," in ji Abdulmumini. "Har da sunana."

A tasha, suna jiran mashin da zai kai Gidaɗo gida, Yakubu ya ciro wayarsa.

"Baba, na karɓi hoton. Bari in tura wa wani a gidanka, a nuna wa Inna Taibatu, ta gani da idonta hankalinta ya kwanta."

Gidaɗo ya karɓi wayar, ya sake duban fuskar. Mutum a tsaye ƙyam, wuya babu tamoji, haƙora cike da baki. Haka Labaran yake, da ƙuruciyarsa, da Taibatu ta raka shi ƙofar gida ranar tafiya.

Ya shafa farin gemunsa, ya mayar wa Yakubu da wayar.

"A'a," ya ce. "Ba za ta gan shi ba."