Baƙon Laraba a Randa

Injiniya na cikin goge tabarau da gefen riga aka sake ɓarkewa da tafi a ɗakin taro. Karo na uku ke nan tun safe. Ya ja tsaki, ya tura ƙofar ofishinsa da ƙafa, to amma ƙofar gilashi ce, ba ta hana ido gani. Ga Auta can gaban farin allo, hannun riga a naɗe, yana zana kibiya daga wannan gefe zuwa wancan, mutum takwas sun saki baki sai ka ce yau suka fara ganin kibiya.

Auta ƙaninsa ne, ciki ɗaya. Injiniya ne ya koya masa ko kunna kwamfuta.

Shekara shida da suka wuce Injiniya ya gina wannan kasuwa shi kaɗai a kan teburin falon gidansu. Kasuwar canjin kuɗin intanet ce, ba banki, ba dillali, ba maigida. Kowa kuɗinsa na cikin lalitarsa ta waya, kowace lalita kuma da doguwar lambarta a maimakon suna. Abin da ya fara ƙerawa ya sa masa suna Randa: ka zuba irin kuɗin da kake da shi, ka ɗebi irin wanda kake so, ba ka roƙi kowa ba. A lokacin har hira aka yi da shi a rediyo.

Sai kasuwa ta buɗe, aka kama ofis, aka ɗauki ma'aikata. Aka zo da Rumbu, inda mutum zai ajiye kuɗinsa suna jawo masa ɗan kamasho. Aka zo da manhajar waya mai maɓalli ɗaya tal, wadda ko kakarka za ta iya dannawa. Duka biyun aikin Auta ne. Yanzu kuma Gada yake so ya gina, wadda za ta riƙa ƙetarar da kuɗi daga wannan kasuwa zuwa wasu. Da yake kasuwar ba ta da maigida, masu hulɗa da ita ne ke kaɗa ƙuri'a, a yi ko kada a yi. Yau Laraba ƙarfe huɗu za a rufe. Ƙuri'ar Injiniya kuwa, da yake shi ne na farko, nauyinta ya kai na mutum dubu.

Mai Talla, ma'aikaciyar da ke tallata musu kasuwar, ta turo ƙofa ba sallama, da doguwar takarda a hannu.

"Injiniya, kai ake jira fa. An yi kankankan. Ga hoton tarihinmu da za mu saki in an ci, duba ka sa albarka."

Ya duba. Rumbu ya ci rabin takarda, Gada ta ci sauran, ga Auta a tsakiya yana washe baki.

"Ina Randa?"

"Ga ta nan ƙasa."

"Wannan ɗigon? Wallahi na ɗauka kashin ƙuda ne."

Ta tuntsire da dariya. "Haba Injiniya, ai Randa ta zama kaka. Wa ke shiga yanzu?"

"Akwai mai shiga," in ji shi, fuska a murtuke.

Akwai kuwa, mutum ɗaya. Injiniya da kansa ya kafa dokar cewa duk abin da ya yi wata guda ba a taɓa shi ba, ya sauka daga shafin farko. Da tuni dokar ta ci Randa, ba don wata lalita da lambarta ta ƙare da bakwai biyu ba. Kowace Laraba ƙarfe huɗu da rabi sai ta zo ta zuba ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, ta ɗiba, wayar Injiniya ta yi ƙara. Shekara biyu ba fashi. Mai Bakwai yake ce masa. Bai taɓa bin sawunsa ba, ya fi son ya bar shi yadda ya zana shi a rai: wani dattijon ɗan kasuwa a ƙasa mai nisa, wanda ya san da tsohuwar zuma ake magani.

Bayan azahar Auta ya leƙo, ya tsaya bakin ƙofa yana murza murfin alƙalami.

"Yaya, ka duba zanen Gada da na turo maka?"

"Na duba."

Sau uku ma ya duba, layi-layi, yana neman kuskure ko na ƙwayar zarra. Bai samu ba, kuma wannan ne ya fi ƙona masa rai.

"To ya ka gani?"

"Ai kai ne gwani yanzu. Mu namu ido."

"Haba Yaya." Auta ya sosa ƙeya. "Jiya na biya wajen Inna, tana gaishe ka. Wai ta tara maƙwabta tana ba su labari, ta ce kamfanin su Auta zai gina gada. Har suna tambaya a kan wane kogi."

Auta ya yi dariya. Injiniya bai yi ba. Kamfanin su Auta! A falon matar nan aka haifi kasuwar, ita ke yi masa faɗa ya kwashe wayoyinsa za ta share, yau ga abin da bakinta ke faɗa. Kishi ne yake ji, ya san kishi ne, sanin kuma bai rage masa komai ba.

Huɗu saura kwata ya buɗe jerin ƙuri'u. A wannan kasuwa ba a ɓoye komai, kowace lalita ga lambarta, ga abin da ta zaɓa. Yana gangarawa sai idonsa ya faɗa kan bakwai biyu. Mai Bakwai ya ce a gina Gada.

"Har da kai?" Injiniya ya faɗa a fili. "Kai ma ka bi yaro?"

Mutum ɗaya da ya rage masa a duniya, shi ma Auta ya kwashe. Ya jawo kwamfuta ya danna A'a. Gargaɗi ya fito: Ka tabbata? Abin da aka rubuta a nan ba ya gogewa. Kalmominsa ne, shi ya rubuta su shekara shida da suka wuce, har yana alfahari da su a rediyo. Ya danna Na tabbata.

Zuciyarsa ba ta yi sanyi ba. Ya ce yau sai ya ga ko wane munafuki ne wannan. Ya buɗe tarihin lalitar Mai Bakwai, ya yi ta ja ƙasa, Laraba bayan Laraba, shekara bayan shekara, har ya kai layin farko. Kuɗin da suka fara shiga lalitar daga tasa lalitar suka fito, a makon da yake raba wa mutane 'yan canji su gwada masa Randa. Ga ɗan saƙon da ya liƙa a jiki: Ga na alewa, Auta. Kada ka ɓatar.

Ya cire tabarau, ya mayar. Rubutun na nan.

Ƙarfe huɗu aka rufe ƙuri'a, Gada ta faɗi. Mai Talla ta naɗe takardarta ta cusa bayan kabad. Auta ya daɗe yana kallon jerin waɗanda suka ce A'a. Lambar yayansa ba baƙuwa ba ce a wurinsa, ya haddace ta tun yana makaranta. Can ya goge kibiyoyinsa ɗaya bayan ɗaya, ya rataya jaka, ya zo bakin ƙofar gilashi.

"Yaya, na tafi. Zan biya wajen Inna. Akwai saƙo?"

Injiniya ya mayar da ido kan kwamfuta.

"Babu," ya ce.

"To, sai da safe."

Ofis ya watse, ya rage shi kaɗai da ƙarar fanka. Ya ajiye waya a gabansa yana kallon agogo. Huɗu da kwata. Huɗu da ashirin da biyar. Har ga Allah so yake kada ta yi ƙara. In yaron ya yi fushi ya janye, an yi ɗaya da ɗaya ke nan, gobe zai iya haɗa ido da shi.

Huɗu da rabi daidai wayar ta yi ƙara. Mai Bakwai ya zuba, ya ɗiba, kamar kullum.

Injiniya ya kifa ta a kan tebur. Ko a wannan ma yaron ya fi shi.