Cinikin Albashin Iliyasu

Malam Dabo ya rasu ana girbin gero, a shekarar da kuɗin mota daga ƙauyensu zuwa Bici ya ninka uku. Ya bar matarsa Hure, da 'yar gona a bayan gida, da awaki huɗu, da 'ya'ya biyu: Safiyatu da ke aure a Tofa, da Iliyasu, wanda ya gama digiri na biyu a kan ƙasar noma wata biyu kafin rasuwar. Uban kan ce shi ma shekara hamsin yana karanta ƙasar nan, babu wanda ya ba shi takarda.

Iliyasu ne ɗan fari, don haka Hure ba ta taɓa kama sunansa ba. "Kai" take ce masa, in ba ya nan ta ce "wancan". Ba ta yabonsa, ba ta tambayarsa ko ya ƙoshi. Haka uwarta ta yi, haka ta tarar.

Bayan sadakar arba'in, aiki biyu suka zo masa a mako guda. Wani kamfanin takin zamani a Fatakwal ya ce dubu ɗari biyu da hamsin a wata. Wata ƙungiyar manoman rani kusa da Watari ta ce dubu tamanin, ba gida ba babur, amma kullum zai kwana a ɗakinsa.

Ya sami Hure tana tankaɗe, ya durƙusa.

"Inna, me kika gani?"

"Me zan gani? Ni na yi karatun?"

"Fatakwal ɗin kusan kwana biyu ce a mota."

"Ai motar ce za ta yi tafiyar, ba kai ba."

Ya tashi. Ita kuwa so take ya zauna. Tun da aka fita da Malam Dabo gidan ya yi mata faɗi, har tuƙar awaki take ji daga ɗaki. Ta san in ta ce "zauna", zai zauna. Amma bakin da shekara ashirin da takwas bai kira sunan yaro ba, ba zai tashi rana ɗaya ya ce masa kada ka bar ni ba. Sai ta aika a kira mata Nababa.

Nababa ƙanin marigayin ne, dillalin dabbobi. Duk yankin an san cinikinsa. Ya taɓa kai wani sa kasuwar Bici sau tara yana dawowa da shi saboda tsaurin kuɗi, har san ya gane hanya, yana gaba Nababa na baya. In kana son a fasa sayen abu, shi za ka ba.

"Wancan zai karɓi aikin Fatakwal," in ji Hure, "bai yi ciniki ba."

Nababa ya ajiye kwanon fura. "Tayin farko? Ɗan Dabo? Yaya Hure, ina raye?"

Washegari da hantsi aka shimfiɗa tabarma gindin rumbu, don nan kaɗai waya ke kamawa. Iliyasu ya kira kamfanin, wata mata ta ɗauka, Turanci take yi. Hure na bakin murhu, kamar ba ta ji.

"Nawa ta ce?" in ji Nababa.

"Ɗari biyu da hamsin, Baffa. Na gaya maka."

"Ce mata albarka."

"Baffa, ba a yin haka a wurin aiki."

"Ana yi. Kai ne ba ka taɓa sayar da ko kaza ba. Ce mata ɗari huɗu. Da ɗaki. Da kuɗin mota sallah biyu, zuwa da dawowa."

Iliyasu ba zai musa wa ƙanin ubansa ba, ƙasar kabarin ko bushewa ba ta gama yi ba. Ya faɗa da Turanci, yana haɗawa da ban haƙuri, gumi na bin wuyansa. Matar ta ce wannan ya fi ƙarfinta.

"Me ta ce?"

"Ta ce ba za ta iya ba."

Nababa ya miƙa yatsa ya kashe wayar. "Mai saye na gaskiya zai biyo ka," in ji shi, ya sa takalmansa ya tafi.

Kwana uku babu kira. Iliyasu ya riƙa zagaya rumbu da waya a sama. Ya je Watari ya ga ofishin ƙungiyar: benci biyu da injin ban ruwa da aka kwance tun bara. Ya dawo ya ce ran Litinin zai fara. A ranar Hure ta cinye tuwonta tas, karo na farko tun rasuwar. Ta ga nasa kwanon ya dawo ko rabi bai ci ba, ta ji kunya.

Rana ta huɗu, Nababa ya shigo gaisuwa ke nan, wayar ta yi ƙara. Matar ce. Ta ce manya sun zauna, suna bukatar wanda ya san ƙasar Arewa kuma yake jin Hausa. Dubu ɗari uku da ashirin, da ɗaki, da kuɗin mota sau ɗaya a shekara.

"Kun gani?" in ji Nababa. "Ta biyo. Ce mata albarka."

"Ka ji abin da baffanka ya ce," in ji Hure daga bakin murhu, da ƙarfi, har ita kanta ta ji mamakin muryarta.

Amma Iliyasu ya riga ya zagaya bayan rumbu da wayar a kunne. Da ya fito fuskarsa ta sake. Ya ce ya karɓa.

Ran Asabar ya tafi. Hure ta ƙulla masa kuka da daddawa da yajin da zai kai shi damina. Ya durƙusa a gabanta ya daɗe.

"Kai, tashi, mota ba ta jira," in ji ta. "Allah ya tsare."

Bayan azahar Nababa ya dawo, ya zauna yana gyara hula.

"Shekara talatin ina kasuwa, Yaya Hure, ban taɓa ciniki mai kyau irin wannan ba. Dubu saba'in na ƙara masa daga zaune."

"Don ka ɓata na kira ka."

Nababa ya dube ta. Ya dubi ƙofar ɗakin Iliyasu da aka ja aka sa kwaɗo.

"Da kin faɗa mini."

"Da na faɗa, za ka iya?"

Ya yi tunani na gaskiya. "Da gangan dai ban taɓa yi ba."

Ya sake duban ƙofar.

"Shi yaron, kin faɗa masa?"

"A'a."

Ya jinjina kai. Can ya ce, "Zan yi wa yayarmu Fadima magana, ta dawo nan da kwana."

"Tana munshari."

"Tana yi."

"To, turo ta," in ji Hure.