Ƙyallen Jacinta

Casilda dai tsabta ce za ta kashe ta. Tunda ta auri Anselmo ta tare a gidansu a Oaxaca ta ƙasar Meziko, ba abin da ya tsira daga sabulunta, har kejin aku. Ana jajibirin Ranar Matattu, ranar da mamata ke leƙo gida, ta ɗauko tsohon ƙyallen da surukarta Doña Eduviges ke shimfiɗawa a teburin da ake shirya wa mamata duk shekara. Ƙyallen koyon ɗinki ne, da haruffa da barewa da baiti na jan zare. Jacinta, ƙanwar tsohuwar, ita ta ɗinka shi kafin zazzaɓi ya ɗauke ta tana yarinya.

A ƙarƙashin baitin akwai wani tabo ruwan ƙasa da ya daɗe yana tsone wa Casilda ido. Ta jiƙa shi da lemon tsami da gishiri, ta cuɗa a hankali, ta shanya. Ya fita fes. Har daɗi ta ji, baiwar Allah.

Da yamma aka kunna kyandirori, aka jera burodi da furanni. Aka riƙo tsohuwa, wadda ta daɗe da makancewa, aka zaunar da ita.

"Miƙo min ƙyallen, 'yata."

Casilda ta miƙa mata, tsohuwa ta bi zaren da yatsa tana karantawa:

"Allura ta wuce, zare ya bi ta,
Ni ma in an kira ni, zan tafi."

Sai yatsan ya gangara ƙasa yana lalube.

"Ɗora min hannu a kan jinin. A nan allura ta soki Jacinta, ta yi ta ihu kamar an yanka ta. Hotonta ba mu da shi, kabarin ma ambaliya ta cinye. Abin da ya rage na jikinta ke nan."

Casilda ta waiwaya. Ta dubi Anselmo. Gogan ya ga farin wurin, ya sunkuyar da kai kamar ba ya ɗakin.

"Ke, kin kurumce ne? Ko sai na durƙusa miki?"

Casilda ta kama yatsan tsohuwa ta ɗora.

"Ga shi nan, Mama."

Tsohuwa ta shafa, ta ƙara shafawa. A da wurin yana da ɗan tauri, yanzu kuwa laushi. Ta kai ƙyallen hanci ta daɗe tana shinshinawa. Casilda ta so a ce tsohuwa ta yi mata faɗa, ko zagi ne ma, amma ina. Ninke shi kawai ta yi ta ajiye a cinya.

"Anselmo, kashe kyandir ɗin Jacinta. Bana ba za ta gane gidan ba."