Taku Bakwai

Kwana arba'in da ɗaya Dawuda ya yi a hannun 'yan bindiga, ɗaure a gindin marke da igiyar da ba ta wuce taku bakwai ba. Da aka sako shi ya dawo ƙauyensu Kaikai, igiya dai an kwance, amma ƙafarsa ba ta samu labari ba. Da ya yi taku bakwai sai ya ji kamar an fizge shi a idon sawu, gabansa ya faɗi, gumi ya karyo masa, ya karkata.

Matarsa Zuliha ta sa aka ɗauke shi a babur zuwa asibiti a Kankiya. Likita ya ce ƙashi da jijiya lafiya lau, firgita ce ta zauna masa a jiki. Ya ba shi ƙwayoyi, ya ce babban maganin kuwa tafiya ce, kullum da safe ya motsa jiki har ya jiƙe. Dawuda ba mutum ne mai gardama ba. Kullum sai ya tashi ya yi ta kewaya turken akuya a tsakar gida, har sawunsa ya fitar da hanya zagayayya kamar bakin faifai. Akuyar ma ta gaji da kallonsa.

Ana nan ruwan shuka ya sauka. Rumbu ba kome, kowa kuma yana ta tasa gonar, in Dawuda bai shuka ba bana gidansa ba abinci. Aka kai shi gona a amalanke. Ya kama sungumi yana sara, Zuliha na biye da ƙwaryar gero tana zubawa tana takewa. Ita shuka miƙaƙƙen layi take so, shi kuwa a sara na bakwai layinsa ya lanƙwashe. Ya sake, ya lanƙwashe. Ya tsaya yana haki, kunya da baƙin ciki suka cika shi.

Can ya dubi amalanken, ya hango igiya a kai, ya ce, “Ɗauko igiyar can ki ɗaure mani ƙahwa. Ɗaya bakin ki ɗaura a ƙugunki.”

“Haba Malam, ni zan ɗaure ka?”

“In kina tahiya, turken na tahiya.”

Ta ɗaure shi. Ya sara bakwai, ya waiga, ya ga igiya ba ta miƙe ba. Ya sara na takwas. Haka suka yi ta kai da komo, layi bayan layi, har aka kira azahar, gumin da likita ke nema ya jiƙa masa riga sharkaf. Zuliha ta ji wani daɗi da ta daɗe ba ta ji ba.

Da gero ya ƙare ta durƙusa za ta kwance ƙullin. Ya janye ƙafarsa da sauri.

Ya ce, “Bar ta. Ba mu kai gida ba tukuna.”