Tafiyar Baba

"Sake tambaya ta, Malama," in ji Baba. Haka yake kirana saboda ba na rabuwa da littafi.

Na gyara zama, na haɗe gira yadda nake zaton masu shago suna yi. Ni ce mai shagon ɗinki, shi mai neman aiki.

"A ina ka koyi ɗinki?"

"A gidan yari, ranka ya daɗe. Wani ɗan'uwana fursuna ne ya koya mini. Na yi laifi, na gama hukuncina, ga aikin hannuna."

Mama ta dire dutsen guga da ƙarfi. Da gugar kayan mutane ta riƙe mu tun ranar da aka tafi da shi.

"Tafiya ka yi! Shekara da shekaru abin da nake faɗa ke nan. Maƙwabta ma sun yi mini kara, sai su ce ya labarin matafiyi. Yanzu kai da bakinka za ka kwance mana zani a kasuwa?"

"Wace irin tafiya ce ba tsaraba?" Baba ya yi dariya. Ba wanda ya taya shi.

A can ciki, in ji shi, fursunoni ne ke koyar da junansu. Mai karatu ya koyar da karatu, mai ɗinki ya koyar da ɗinki. Jagoransu wani tsoho ne da suke kira Hedimasta, wanda ba shi da ranar fita. Yakan kifa bokiti ya zauna a matsayin mai shago, su bi layi suna neman aiki. Duk wanda ya ce tafiya ya yi, sai ya kora shi baya: "Ƙaryar da ta shigar da kai aiki, ita za ta fitar da kai."

"Shi da ba zai fito ba," in ji Mama, "me ya sani a kan waje?"

A littattafan da na karanta, gaskiya ce ke nasara a shafin ƙarshe. Amma shagon da zai je neman aiki gobe ba littafi ba ne, kuma keken ɗinki ɗaya ne ya rage a can babu mai shi.

*

Na raka shi, ina riƙe da rigar da ya ɗinka a ciki. Mai shagon ya juya ta bai-bai, ya bi ɗinkin da farce, ya ja hannun ya ga ko zai saki.

"Kai! Wannan hannu ba na yau ba ne. Zauna ka yanko mini aljihu."

Ya miƙa masa almakashi. Baba ya yanka, ya taka keken, kafaɗunsa suka sauka a karon farko tun dawowarsa.

"Wa ya koya maka haka?"

Baba ya dube ni. A zuciyata, Allah ya sani, tafiya nake roƙon ya ce.

Ya faɗi amsarsa daidai, bai tsallake kalma ba. Kekunan da ke bayanmu suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya.

"Allah sarki," in ji mai shagon. "Ƙaddara ce, tana kan kowa. Ai ka yi ƙoƙari."

Bakinsa na faɗin wannan, hannunsa ya lallaba ya janye almakashin daga gaban Baba, ya zura shi a aljihun tebur, ya rufe a hankali.

"Bari in yi shawara. Za mu neme ka."

Bai tambayi inda muke zaune ba.

*

Mama ta dubi fuskokinmu, ta mayar da kai kan gugarta. Ba ta ce ai na faɗa ba, kuma da ta faɗa da ya fi sauƙi.

Baba ya daɗe yana kallon tafin hannunsa.

"Wannan wurin ne Hedimasta bai koya mana ba," ya ce. "Akwai wani shagon a bayan tasha. Zauna, Malama."

Ya ɗauko almakashin Mama ya ajiye a tsakaninmu.

"Idan na amsa, ki ɗauke ki ɓoye. Ina so in saba."

Na tambaya, ya amsa. Na miƙa hannu, ƙarfen ya yi mini sanyi. A lungu, Mama tana ta goge wuyan riga ɗaya, har ya fara ƙauri.