Tafin Hannu a Jikin Ganuwa

Tsohon magini ya hana jikarsa karɓar jakar da ya goya. Ya ƙara gyara ta a gadon bayansa, ya haura zuwa ƙofar tsohon birnin yana haki, amma bakinsa bai mutu ba.

"Ni da gini ya rufta a kaina na fito da ƙafata, jakar 'yan makaranta ce za ta kayar da ni?"

"Mun ji, angona," in ji ta. "Ka dai nuna min hannun nan, in ba haka ba yau aurenmu ya mutu."

Tun tana ƙarama take jin labarin: wai yana saurayi aka ɗauko shi gyaran ganuwar nan, ya danna tafinsa mai yatsu huɗu a ɗanyar ƙasa. A gida ba mai gaskata shi. Mutumin da ya ce ya taɓa korar kura da takalmi, wa zai yarda da shi?

Suka kutsa lunguna. Ba abin da ya wuce bai taɓa ba. Ya jefa tsakuwa a tsohuwar rijiya ya kasa kunne, ya ƙwanƙwasa ƙyauren kurkuku, ya kankari bango da farce ya shinshina. Sai dai shaguna sun rufe rabin ganuwar, ya rasa gabas ya rasa yamma. Da rana ta karkata, jikarsa ta daina tsokanarsa. Wannan shirun ya fi komai yi masa ciwo.

Kusa da ƙofar fita suka tarar da mai zagayawa da baƙi, jama'a sun kewaye shi, yana nuna wani abu da aka rufe da gilashi. Tsoho ya kutsa da kafaɗa. Ga shi nan: tafi ɗaya, yatsu huɗu.

"Hannun jarumin da ya tsare ƙofar nan ne a zamanin da," in ji mai zagayawar. "An sare masa yatsa, bai ja da baya ba."

Jikar ta dubi bango, ta dubi hannun kakanta, ta toshe baki. Shi dai tsohon ya san bulo ne ya datse masa yatsan. Ta zungure shi.

"Kaka, faɗa musu mana!"

Tsoho ya dubi mutanen da ke ɗaga wayoyi suna ɗaukar hoton tafinsa da ke jikin bango. A hankali ya zura hannun cikin aljihu.

"Ɗana, shi jarumin nan, mutum nawa ya kora?"

"An ce ɗari, baba."

Tsoho ya ja tsaki, ya gyara jakarsa.

"An rage masa. Sun fi haka."